Laifin da Dineke Ta Zo Ɗauka

Mabuɗin ya shiga, amma ya ƙi juyawa. Dineke ta zare shi, ta goge a jikin rigar ruwanta, ta sake zurawa, ya sake ƙi. Ruwan ƙarshen kaka na zuba siriri-siriri, irin wanda ba ya tsawa ba ya walƙiya, sai dai ya bi mutum a hankali har sanyinsa ya kai ƙashi. Tun asuba take yawon gidajen tsofaffi a garin Assen, ta yi wa wannan wanka, ta ba wancan magani, ta ɗaga wata daga gado. Daga nan ta hau keke ta nufo ƙauye, iska na mayar da ita baya tana dannawa gaba... ga shi ta iso ƙofar bayan gidan da ta girma a cikinsa, ashe an canza makulli!

Ta zagaya ta gaba. Ta babbar tagar falo ta hango Gwaggo Lammie a kujerarta, bargo a kan gwiwa, farin gashinta a yamutse babu wanda ya taje mata. Idanunsu suka haɗu. Tsohuwar ta motsa kamar za ta tashi, sai kuma ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta. Allah sarki! Da marin Dineke aka yi da ya fi mata sauƙi. Ƙofa ta buɗe kaɗan, daidai faɗin fuska ɗaya, fuskar Alida kuwa, babbar 'yar Gwaggo.

"Me kika dawo ɗauka? Akwai saura ne?"

"Yaya Alida, Gwaggo na zo gani. Yau ranar wanke mata kai ce."

"Kin wanke mata asusu tas, ai ya isa haka. Kan nata ki bar mana."

"Yaya, ki ji tsoron Allah... ni fa ce, Dineke."

"Na san ke ce, malama mai kwamfuta. Shi ya sa aka canza makullin."

Ƙofa ta rufe. Dineke ta tsaya ruwa na bin wuyanta, ta kasa ko kuka don gajiya. Da ta juya, maƙwabciyar da ke tsallaken titi tana bakin tagarta tana shayar da furanni, furannin da tun ɗazu suka ƙoshi.

Tana 'yar shekara bakwai motar iyayenta ta zame a kan ƙanƙara, ta wayi gari ba uwa ba uba. Gwaggo Lammie, yayar mahaifinta, ita ta je ta ɗauko ta da 'yar jakarta, ta ajiye mata faranti a teburin 'ya'yanta biyu. Berend, namijin, ya matsa ya ba ta wuri bai ce komai ba, don shi dama magana ba ta dame shi ba. Alida kuwa, wadda a lokacin ta fara zama budurwa, ta dubi farantin nan na uku kamar an yanko shi daga jikinta, kuma ba ta daina kallonsa haka ba har ta yi aure. Da kowa ya kama gabansa, Alida ta tare a gidan Wicher Oosting mai sayar da injinan noma, Berend ya gaji shanun mahaifinsa, sai hidimar tsohuwa ta faɗo kan Dineke ba tare da wani ya ce mata ɗauki ba. Ita ce cefane, ita ce asibiti, ita ce yankan farce. Ba ta taɓa jin nauyin abin ba, don a duniya ba ta da wata uwa.

Da ƙafafun Gwaggo suka gaza kai ta coci, sai ta koma sauraren wa'azin Lahadi ta kwamfuta. To amma kwamfuta da tsohuwa, kullum da rigima! Yau murya ta ɗauke, gobe hoto ya tsaya fasto ya buɗe baki ya kasa rufewa. Dineke kuma sau da yawa tana bakin aiki ranar Lahadi. Shi ne ta saka wata manhaja da ke ba mutum damar shiga kwamfutar wani daga nesa. Gwaggo za ta kira ta, ta karanto wata lamba da ke fitowa a allo, sai ta ga 'yar kibiyar nan ta fara yawo da kanta tana gyara abin da ya lalace. Tsohuwar takan tafa hannu tana dariya, ta ce, "Ga fatalwata ta shigo!" Dineke kuwa takan ja mata kunne, "Gwaggo, lambar nan ƙofar gidanki ce. Duk wanda kika karanta wa, kin shigo da shi har ɗaki. Ni kaɗai, kin ji? Ko wa ya kira, ko daga ina ya ce yake." Gwaggo ta ce ta ji, kuma ta riƙe.

Sai wata rana aka wayi gari asusun Gwaggo babu komai. Duk abin da marigayi mijinta ya tara da tatsar shanu, da abin da ta ware don jana'izarta, ya bi iska zuwa wata ƙasa. Banki ya bincika ya ce daga cikin kwamfutar gidan aka yi, da rana tsaka, ta wannan manhaja, don haka ba ruwansu. Gwaggo ta rantse ba ta karanta wa kowa lamba ba, barcin rana ma take yi a lokacin. Dineke ta yi bayani har muryarta ta dushe: akwai 'yan damfara masu kiran wayar gida, su ce daga kamfanin kwamfuta suke, wai na'urarka ta kamu da cuta, ka bar su su shiga su gyara. Lallai wani ya ɗauki waya a gidan nan! Alida ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa ya ɗauka? Mama na barci, ni ina wajen gyaran gashi, Berend na cikin kashin shanu. Kyanwa ce ta karanta musu lambar? Wa ya saka abin? Wa ya san sirrin asusun? Kada ki mayar da mu yara mana!" Washegari da ƙafarta ta je ofishin 'yan sanda ta ba da sunan Dineke.

Daga nan wahala ta riƙa zuwa ɗaya na riƙe da hannun ɗaya. 'Yan sanda suka karɓe kwamfutarta, suka ce za su neme ta, ba su wanke ta ba, ba su kuma kama ta ba, suka bar ta a rataye. Magana ta riga ta isa Assen. Akwai wani tsoho da take wa aski tana masa waƙar yara don ya daina tsoron reza. Ranar da ta shiga ɗakinsa ta ga yana tura walat ɗinsa ƙarƙashin matashi, yana mata murmushin kunya... ranar ta shiga banɗakinsa ta kunna famfo ta yi kuka mai isarta. Ba a jima ba shugabar aikinsu ta kira ta, ta zuba mata kofi, ta ce da murya mai taushi, "Ba wai mun yarda ba ne, Dineke. Amma kin san aikinmu, mabuɗan gidajen mutane ne a hannunmu. Ki ɗan huta tukuna." Hutun da babu albashi, babu ranar dawowa. Ta samu aikin tsince dankali a wani ɗakin ajiya mai sanyi kamar kabari, tana tsaye yini guda tana ware ruɓaɓɓe daga mai kyau, har yatsunta suka tsattsage.

Duk da haka ba ta daina zuwa cocin ƙauyensu ba. Takan zauna a bencin da ta saba, ta rera zabura da sauran muryar da ta rage mata. Idan fasto ya fara wa'azi, alewar na'ana'a takan taso daga bakin benci, hannu zuwa hannu, kowa ya ɓalli ɗaya ya miƙa gaba. Wannan karon da ta zo hannun matar da ke kusa da Dineke, sai matar ta ɓalli tata, ta juya, ta mayar da ita inda ta fito. Alewa ɗaya tak! Abin da ko yaro ba zai yi kuka a kansa ba. Amma Dineke ta ji kamar an tuɓe ta a gaban jama'a. Ta kafa ido a kan littafinta, haruffa suna narkewa, tana cewa a zuci, "Ya Ubangiji, kai ka gani. Ban da kai ba ni da shaida... na gaji, Ubangiji, na gaji."

A wannan bencin ne kuma, cikin tsakiyar sanyi, ta ji fasto yana roƙa wa "'yar'uwarmu Lammie" sauƙi, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun farkon mako. Tun farkon mako! Ba wanda ya gaya mata. Ta fita a guje ba ta jira albarka ba, ta tuƙa keke zuwa asibiti dusar ƙanƙara na shiga idonta. Ma'aikaciyar jinya ta dube ta da tausayi ta ce iyalin sun faɗi waɗanda za su shiga, kuma ba ta ciki. Ta zauna a kujerar baranda, ƙofar ɗakin na kallonta. Ita da ta san yadda ake juya mai shanyewar jiki, ta san yadda ake ba shi ruwa kada ya shaƙe, ita da ta yi wa iyayen wasu wannan hidima shekara da shekaru, ga tata uwar a bayan katako ɗaya an hana ta! Can Berend ya fito, hularsa a hannu.

"Yaya Berend... kai ma ka yarda na yi?"

Ya juya hular, ya sake juyawa. "Ni ban san komai ba, Dineke."

"Tana tambayata?"

"Ba ta iya magana sosai." Ya dubi agogon bango. "Shanu na jirana."

Sanyi ya fara sassautawa lokacin da Alida ta tare ta a bakin ɗakin ajiyar dankali, cikin motarta mai ɗumi, ta sauke gilashi rabi. Ta dubi tsagaggun hannuwan Dineke ta taɓe baki.

"Kin ga yadda kika koma? Kamar tsumma. Saurara, ba hira na zo ba. Ranar Asabar Mama za ta cika tamanin. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, kada mu sa rai da wata shekarar. Ki zo. Ki tsaya a gaban dangi da dattijon coci, ki ce ke kika ɗauka, ki nemi gafara. Ni kuma in janye ƙara, in bar ki ki riƙa zuwa kina mata abin da kika iya."

"In ce na yi abin da ban yi ba?"

"To zauna da gaskiyarki, ki dafa ta ki ci. Ranar jana'iza ma a bakin shinge za ki tsaya. Kin ji na rantse."

Gilashi ya tashi, mota ta wuce. Dineke ta daɗe tsaye. Da a farkon abin ne, da ta yi kururuwa, da ta ce sai dai a kashe ta. Amma wata da watanni sun tsotse mata ƙarfi, ba abin da ya rage a jikinta sai kewa. Ta tuna gashin nan da ba a taje ba. Ta tuna cewa Alida ba ta iya ɗaga mara lafiya ba, ja take yi ta hammata. Suna? Ai sunan ya riga ya ɓaci. Aiki? Ya riga ya tafi. In ta amsa, ba za ta sake riƙe mabuɗin gidan wani tsoho ba har abada, ta sani... amma za ta riƙe hannun Gwaggo. Da ta koma ɗakinta, ta durƙusa a gefen gadonta ta ce, "Ubangiji, ƙarya zan yi, kuma a kaina zan yi ta. In zunubi ne ka yafe mini. Ba zan iya bari ta tafi ban taɓa ta ba."

Ranar Asabar an jera kujeru da'ira a falo kamar kowace shekara. Duk wanda ya shigo sai ya bi da'irar yana ba kowa hannu, "Barka da ranar mahaifiyarka... barka da ranar maƙwabciyarki... barka da ranar surukarka." Da Dineke ta shigo, hannuwa suka shagala, wannan ya riƙe kofi da hannu biyu, waccan ta shiga neman abu a jaka. Aka nuna mata wata 'yar kujera kusa da ƙofa. Kek ya zagaya, ya ƙare kafin ya iso gare ta. Can ɗaya gefen ga Gwaggo a keken marasa lafiya, ta rame ta zama kamar yarinya, bakinta ya karkace, hannun hagu na kwance a cinya kamar ba nata ba. An saka mata rigar coci, an balla maɓallan a karkace. Dineke ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Berend ne ya durƙusa a bayan kabad yana laluben wani abu. "Kai! Wa ya zare igiyar wayar nan? Kawu na Kanada ya aiko mini saƙo, wai tun safe yake kira ba ta shiga."

"Bar ta haka," in ji Alida da sauri. "Ƙararta na damun Mama."

"Yau ɗin? Ranar da duniya za ta kira ta? Haba, Alida." Ya soka igiyar, ya hura ƙurar da ta taru a kai. "Dubi ƙura. Wannan ai ta yi watanni a zare."

Dineke ta ɗaga kai. Ashe shi ya sa duk kiran da ta yi ta yi bai taɓa shiga ba. Ita kuwa ta ɗauka Gwaggo ce ba ta son jin muryarta! Ba a jima ba Kawun Kanada ya samu layi. Berend ya buɗe lasifika ya ƙure murya saboda kunnen Gwaggo, tsohon ya rera mata waƙar ranar haihuwa da muryar da ta fi ta akuya muni, aka yi dariya, har gefen bakin Gwaggo mai rai ya ɗan motsa. Alida kaɗai ba ta yi dariya ba. Yana ajiyewa ta buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, kafin a kawo cuku da tsiran alade, akwai mai magana. Dattijo, ka zama shaida. Tashi mana, ko sai an ɗaga ki?"

Dineke ta miƙe. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogo. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ta da ido ɗaya mai hawaye.

"Gwaggo... 'yan'uwa... abin da ya faru da asusun nan..." Ta sunkuyar da kai. "Ni... ni ce..."

Waya ta ɗauki ƙara.

"Ku ƙyale ta!" Alida ta daka tsawa. "Ƙarasa, muna jinki!"

Amma Gwaggo ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna wayar, ta sake nunawa, kamar mai roƙon a jinkirta mata wani abu da ba ta son ji. Berend ya danna, ya faɗi sunansa, yadda ake koya wa kowane yaro a ƙasar nan tun kafin ya iya ɗaure takalmi: ba a ɗaukar waya a ce "wa ke nan", sunanka za ka fara faɗa. Lasifika na nan a buɗe. Wata murya ta cika falon, muryar namiji mai ladabi, cikin Turanci mai santsi, a bayansa kuma hayaniyar wasu muryoyi da yawa kamar kasuwa.

"Barka da yamma, yallaɓai. Daga sashen taimakon masu kwamfuta nake kira. Uwargida Alida Oosting nake nema, don Allah. Mun daɗe muna neman layin nan."

Berend ya dubi yayarsa. Ya tattaro ɗan Turancinsa na makaranta ya ce, "Me za ta yi maka?"

"Albishir ne, yallaɓai. A kakar da ta wuce ta taimaka mana muka cire cuta daga kwamfutar mahaifiyarta. To an yi kuskure an cire kuɗi fiye da ƙima, kamfani na so ya mayar. Abu mai sauƙi: ta kunna kwamfutar, ta karanto mana lambar nan, ta buɗe shafin banki, kamar dai wancan karon."

"A ina ka san sunanta?"

Mutumin ya yi 'yar dariya. "Ita ta faɗa da ta ɗauki waya, yallaɓai. Ku mutanen ƙasar nan akwai ladabi. Mace mai kirki ƙwarai, har ta ce in yi magana a hankali, mama na barci..."

Alida ta yi tsalle ta fizge igiyar daga bango, kofi ya kife a kan kafet. "Ƙarya ne! Makirci ne! Ita ta shirya shi, ita ta ba su sunana!" Gwaggo, wadda ba ta jin Turanci, sunan 'yarta kaɗai ta tsinta. Ta juya kai da ƙyar, ta ce, "Me... ya... ce?"

Sai Wicher, mijin Alida, mutum mai ƙiba da fara'a wanda yau fuskarsa ta koma kamar toka, ya ajiye farantinsa a ƙasa. Ya fassara mata kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Da ya gama ya juya ga matarsa.

"Ranar kin ce gyaran gashi kika je. Kika dawo gashinki yadda ya fita. Kika ƙi cin abinci, na ji ki kina amai a banɗaki. Na ce ko ciwo ne, kika ce in kama harkar gabana. Alida... dube ni. Kin zo gidan nan ranar?"

Ta dubi da'irar fuskokin nan, maƙwabta, dangi, dattijon coci da kofinsa a sandare tsakanin faranti da baki. Sai ta zube a kujera tana gunji.

"Ya ce kwamfutar ta kamu! Ya nuna mini jan rubutu cike da allo, ya ce in ba a gyara yanzu ba komai zai lalace! Na ga abin a shirye yake, lamba kawai zan karanta... Sau ɗaya na so Mama ta farka ta ga ni na gyara! Ni, 'yar cikinta! Kullum Dineke, Dineke ta iya, Dineke ta sani, bari Dineke ta zo... 'yar riƙo! Da na ga kuɗin na tafiya a gabana, kibiya na yawo na kasa tsayar da ita, me kuke so in ce? In ce ni ce sakarar?"

"Sai kika ce ita ce ɓarauniya," in ji Berend. Wannan ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar, kuma hawaye na bin gemunsa. "Kika zare waya don kada su sake kira. Kika bar ni na wuce ta a barandar asibiti kamar ban san ta ba. Allah ya isa, Alida!"

Gwaggo ta buga hannun kekenta. Kowa ya yi shiru, don kowace kalma da ƙyar take haƙo ta.

"Kuɗi... ba komai. Kowa... ana iya... cutarsa. Da kin faɗa... da na rungume ki." Ta ja numfashi, ƙirjinta na hawa da sauka. "Amma... yarinyata. Kin sa... na yi shakkar... yarinyata. Ɗauki... rigarki. Fita."

"Mama!"

"Fita."

Wicher bai tashi ya bi ta ba, mabuɗin mota kuma na aljihunsa. Haka Alida Oosting ta fita daga gidan uwarta a ƙafa, ta bi titin ƙauye tana kuka, tagogi na kallonta dama da hagu.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Dattijon coci da Berend suka je wajen 'yan sanda tun kafin a kwashe kofuna. Kotu ta kama Alida da laifin ƙarar ƙarya, ta yanke mata hukuncin aikin gayya, aka riƙa ganinta da rigar leda mai ƙyalli tana tsintar shara a bakin hanya. Aka sauke ta daga shugabancin matan coci, Wicher ya koma kwana a shagonsa. Kuɗin dai ba su dawo ba, ɓarayin ma ba a gan su ba, suna can wata ƙasa suna kiran wani gidan. An goge manhajar daga kwamfutar, kuma fasto da kansa ya tsaya a kan mumbari ya gargaɗi jama'a: duk wanda ya kira ka ba kai ka neme shi ba, ya ce ka buɗe masa kwamfutarka, ajiye wayar, ko da muryarsa ta fi zuma. Wurin aikin Dineke suka kira ta da ban haƙuri, matan benci suka yi ta sintiri da furanni da miya a tukunya, kowace na cewa ita dama zuciyarta ba ta taɓa yarda ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A wannan yammacin, baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman hannun Dineke ya rasa abin faɗa. Ita kuwa tana nan tsaye inda ta miƙe, kamar an dasa ta. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji fushi ba, gajiya ce kawai ta sauko mata gaba ɗaya kamar an ɗora mata buhu. Sai da falo ya rage su biyu, kujeru a warwatse, sannan Gwaggo ta miƙo hannunta mai lafiya.

"Zo."

Ta taka a hankali, ta durƙusa a gaban keken. Yatsunta da kansu suka kai ga maɓallan nan da aka balla a karkace, ta kwance su, ta mayar da kowanne raminsa. Gwaggo ta kama hannun, ta juya shi, ta ga tsagar da sanyi da dankali suka yi masa. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗazu... da kika tashi. Me... za ki ce?"

"Cewa ni na ɗauka, Gwaggo."

"Ke... kika ɗauka?"

"A'a."

"To... don me?"

"Don su bar ni in zauna kusa da ke."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohuwar, ba kuka ba, ba magana ba. Ta jawo kan Dineke da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta kwantar a cinyarta, hawayenta na ɗiga a gashin yarinyar. "Yafe mini... 'yata. Yafe... mini. Allah... ya yi miki albarka. Ya ba ki... mai yi miki... yadda kika yi mini."

"Amin, Gwaggo... ba komai... ba komai..."

Ba ta ƙarasa ba. Da Berend ya dawo, ya tarar da ita a durƙushe yadda take, kanta a cinyar Gwaggo, barci ya ɗauke ta kamar jaririya, alhali rana ba ta ko faɗi ba. Ya buɗe baki zai yi magana, tsohuwar ta ɗora yatsa a karkataccen leɓenta. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya shiga kwashe kofuna a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don kada su yi ƙara.